Buɗe wa Tsohon da Kuke Riƙo Asusun Banki: Shawarwari Daga Ƙasar Gumel

A ƙasar Gumel ba mu saba kai tsoho gidan gajiyayyu ba. Yana nan ɗakinsa na cikin gida, ko a zaure kan buzu, ko yana kwance a Babban Asibitin Gumel ana karɓa-karɓar jinya tsakanin 'ya'ya da surukai. Amma ko a ina yake, maganar banki sai ta riske shi. Ɗansa na Legas yana son turo kuɗin magani, fansho ba a ƙirga wa mutum a hannu, tallafin gwamnati ma sai an ce kawo lambar asusu. Wanda ya ga wuyar da dattawa suka sha farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, suna yawo da ƙullin tsofaffin takardu babu mai karɓa, ba ya buƙatar dogon bayani.

Abin da muka fi yi shi ne mu ba da lambar asusun wani yaro a gidan, a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ana zaune lafiya har ranar da Yaya ya bugo daga nesa yana tambayar kuɗin da ya turo wa Inna, sai gida ya ɗauki zafi. Na raka tsofaffi da dama, namu da na maƙwabta, kuma abin da ke biye shi na ga yana rage wahala, ko kuna cikin Gumel, ko Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Kan maganar guda ne: asusun na tsohon ne, da sunansa da layinsa da yatsansa. Ku naku zirga-zirga ce.

1. Ku zauna da shi kafin ku nemi fom. Ku same shi lokacin da ya huta, da hantsi ko bayan la'asar, ku ce, "Baba, so muke kuɗinka su riƙa zuwa da sunanka, ba sai sun bi ta hannun kowa ba." Da yawansu sun tuna canjin kuɗin 1984 da layin da aka sha, wasu sun ji labarin bankin da ya rufe da ajiyar mutane, don haka tsoronsu ba na banza ba ne. Idan ya ce a'a yau, ku ƙyale shi, bayan kwana biyu wanda yake jin maganarsa, limami ko babbar 'yarsa, ya sake taɓo zancen.

2. Ku lissafa irin kuɗin da za su riƙa shigowa. Tun 2013 Babban Bankin Najeriya ya kasa asusu mataki uku don talaka ya samu shiga ba tare da tarin takardu ba. Na farko ana buɗe shi ko babu ko sisi, sai dai ba ya karɓar fiye da Naira 50,000 a zubi ɗaya, kuma abin da ke ciki ba ya wuce Naira 300,000. Na biyu yana kai 100,000 a zubi da 500,000 a ajiye. Na uku ba shi da wannan iyaka. Idan kuɗin cefane da magani ne kawai daga 'ya'ya, na farkon ya wadatar. Amma in ana jiran garatuti, ko Baba yana da sa da za a kai kasuwar Maigatari, ko buhunan riɗi da zoɓo da za a sayar da kaka, ku nemi na uku tun farko, kada kuɗi su taso su maƙale a hanya.

3. Ku bincika ko yana da BVN tun da. Kada ku ɗauka bai taɓa shiga banki ba don bai faɗa ba. Wani an buɗe masa lokacin rabon taki, wani lokacin biyan kujerar Hajji, wata kuma a wani shirin tallafin mata, an manta. Ku danna *565*0# a layin da ya daɗe yana riƙe da shi, in akwai lambar za ta fito, guda 11 ce. Tun da aka fara tsarin a 2014 kowa ɗaya gare shi, in kuka je yin na biyu na'ura za ta gane yatsan ta ƙi, ku yi asarar yini.

4. Katin ɗan ƙasa ne kan gaba. Tun sanarwar Babban Banki ta Disamban 2023, ko ƙaramin asusu ba a buɗewa sai da NIN ko BVN, manyan biyun kuwa sai da duka. Idan ya taɓa yi takardar ta ɓace, *346# a layinsa zai nuno lambar. Idan bai taɓa yi ba, ku nemi ma'aikatan hukumar NIMC ta sakatariyar ƙaramar hukumarku. Rajistar farko kyauta ce a doka.

5. Suna ɗaya, rubutu ɗaya, ko'ina. Nan aka fi faɗuwa. Mutum ɗaya ne Mamman a katin zaɓe, Muhammadu a takardar fansho, Mohammed a layin waya. Tsohuwa kuwa Kulu ce a gida, Hauwa'u a fasfo ɗin Hajji, nan da sunan mahaifi, can da sunan miji, a wata takardar kuma an liƙa mata Gumel a ƙarshe. Kwamfuta ba ta san alkunya ba, harafi ɗaya ya saɓa sai ta ƙi. Ku ɗauki yadda aka rubuta a takardar NIN ku kwafe da manyan baƙaƙe a 'yar takarda, duk inda aka miƙo fom ku duba ta, har da wane suna ne farko wane ne ƙarshe.

6. Ku tsayar da shekarar haihuwa sau ɗaya. Yawancin iyayenmu ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, amma sun san abin da ya faru suna da wayo. Ku tambaya: Iya, zuwan Sarauniya a 1956 kina da wayo? Da aka ba da mulkin kai a 1960 an yi miki aure? Da aka kashe Sardauna a 1966, ko da aka bar fam da sule aka koma Naira a 1973, 'ya'yanki nawa? Da haka za ku kusanci gaskiya, a yi takardar rantsuwar shekaru a kotu, a tsaya a kanta. Mai ritaya kuwa ku bi shekarar da ke fayil ɗinsa na aiki, domin gyaran ranar haihuwa a NIMC ya haura Naira 28,000 tun 2025, ban da jeka-ka-dawo.

7. Layin waya ya zama nasa. Kada ku sa lambar jika don shi ya iya latsa waya. Gobe zai tafi makaranta ko ci-rani, ya canza layi, ya bar ku da asusun da ba ku jin motsinsa. Ku yanki sim da NIN ɗin tsohon, ku sa a ƙaramar waya mai riƙe caji, ku ɗaura mata igiya a rataye kusa da gadonsa. Wanda ke riƙe da layin kusan shi ke riƙe da asusun, shi ya sa ba a ba da ita aro.

8. Kada layin ya mutu. Kamfanonin waya suna rufe layin da ya yi wata shida ba kira ba kati, daga baya su sayar wa wani, shi kuma ya riƙa ganin alat ɗin Inna. Katin Naira 100 a wata da kira ɗaya zuwa ga 'yarta da ke aure a wani gari ya isa, ga zumunci an sada. Mutanen bakin iyaka, wajen Maigatari, ku lura waya takan kama sabis ɗin Nijar saƙo ya makara. Kada hankali ya tashi kafin ku matso inda na gida yake.

9. Ku zaɓi bankin da ƙafa za ta iya kaiwa. Tsoho ba zai riƙa zuwa Dutse ko Haɗeja ko Kano don gyaran kati ba, saboda haka ku duba mai reshe a Gumel, ko mai wakili tsayayye a garinku. Bankunan waya irin su OPay, Moniepoint da PalmPay suna da sauri, masu POS ma sun saba da su, amma kusan komai nasu a manhaja yake, da babbar waya da hoton fuska. Ga mai gani dishi-dishi ko mai rawar hannu, ni na fi son inda akwai kanta da mutum a zaune da za a yi wa bayani da Hausa.

10. Ku tabbatar akwai inshorar NDIC. Ita ce amsar tsoron Baba na rushewar banki. A 2024 hukumar ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya in banki ya durƙushe zuwa Naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankuna masu lasisi. Da aka soke lasisin Heritage Bank a Yunin shekarar, ta BVN aka bi mutane da yawa aka tura musu kuɗinsu a wasu asusunsu. Masu cewa kawo a juya maka ka ci riba duk wata ba sa cikin wannan lissafi, komai kyan ofishinsu.

11. Ku yi maganar kuɗin ruwa a fili. Tsofaffi da yawa abin da ke hana su ke nan, ko ba su furta ba. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz tun 2012, TAJBank tun 2019, Lotus tun 2021, wasu manyan bankunan kuma suna da sashe na musamman. In babu reshensu kusa, ku kai tambayar wurin malamin da ya yarda da shi, ya ji amsa daga bakinsa.

12. Na ajiya, ba na 'yan kasuwa ba. Asusun karant, mai cak, ana cire masa kuɗin kula gwargwadon abin da ya fita, kuma sai an kawo mutum biyu masu tsayawa. Na ajiya ba shi da wannan duka.

13. Ku fara zuwa ku kaɗai. Ɗayanku ya je ya gaishe da jami'in buɗe asusu, ya ce, "Ranka ya daɗe, mahaifiyata ce, ta haura tamanin, ba ta iya doguwar tsayuwa, me za mu kawo, yaushe za mu zo?" Ku karɓo fom ku cike abin da zai yiwu a gida, ku riƙe sunan jami'in, ku tambaya ko na'urar ɗaukar BVN tana aiki, don ba kullum ba. Ranar zuwa a tafi da hoton fasfo da asalin takardar NIN da kwafinta. Mataki na uku yana son shaidar adireshi, takardar wutar KEDCO in akwai, in kuwa ƙauyen babu wuta ku tambaya ko za su karɓi takardar bulama ko dagaci ko hakimi.

14. Ku zaɓi rana. Litinin banki maƙil yake, ƙarshen wata na ma'aikata da 'yan fansho ne, Alhamis kasuwar Maigatari ta kwashe motoci ta cika hanya, Juma'a kuwa rabin yini ce a wajenmu. Talatar tsakiyar wata, da an buɗe ƙofa ƙarfe 8, ita ce taku. In bazara ce kada rana ta yi muku a hanya, kuma ku ɗauki shatar adaidaita ko ku ari motar maƙwabci, kada a goya tsoho a babur kan yashin nan namu.

15. Ku shirya jikinsa, ba takardu kaɗai ba. Ya karya kumallo, ya sha maganin hawan jini ko na sukari, a tafi da gorar ruwa da tabarau da 'yar kujerar roba. Ƙofar banki mai na'ura ƙunci gare ta, ba ta karɓar keken guragu ko sandar ƙarfe, sai ku roƙi mai gadi ya buɗe ta gefe. Tsohuwa ta samu mace 'yar rakiya, a kuma gaya mata tun daga gida za a ɗauke ta hoto da hijabinta, fuska kawai ake so a buɗe.

16. Ku lallaɓa yatsun tun da sauran kwanaki. Shekara sittin ana riƙon fartanya, ko sussuka da surfe da wanki, tana shafe zanen yatsa, hunturu kuma ya ƙara busar da shi. A riƙa shafa man kaɗanya da dare, ranar tafiya a wanke hannu a goge, kada a je da maiƙo. Baƙin lalle a yatsu a ɗaga shi sai an dawo. In duk da haka na'ura ta ƙi, ko an rasa wasu yatsun, kada ku juya. Akwai tanadin da aka yi wa irin wannan, ku nemi shugaban sashen cikin ladabi.

17. Wanda ke kwance, banki ya zo gare shi. Wanda shanyewar ɓarin jiki ko karayar ƙugu ta kwantar ba a ciccibarsa a kai shi layi. Ku karɓi takardar likita mai bayyana halinsa, ku rubuta wa manajan reshe gajeriyar wasiƙa kuna roƙon a turo jami'i gida ko gadon asibiti. Bankuna suna fita kasuwanni da ƙauyuka neman masu buɗe asusu, abin ba baƙo ba ne a wurinsu. Ku ɗauki nauyin kawo shi da mayar da shi, in kuma akwai wasu tsofaffin a unguwa ku haɗa su rana ɗaya, roƙon ya fi saurin karɓuwa. In da NIN a hannu, ƙaramin asusun ma sau da yawa wakilin banki na iya buɗe shi nan gefen gado.

18. Dangwale ya fi sa hannu. Ko da Malam ya iya sa hannu da ajami ko da boko, hannu mai rawa ba ya maimaita abu ɗaya sau biyu, watarana a ce bai yi daidai ba a hana shi kuɗinsa. Dangwalen babban yatsa karɓaɓɓe ne. Ku sa jami'in ya karanta masa abin da ke fom ɗin da Hausa, a rubuta cewa an karanta masa ya fahimta, mai shaida ya sa hannu. Kada ɗayanku ya kwaikwayi sa hannunsa ko ya dangwala a madadinsa, ko da kyakkyawar niyya, don laifi ne a doka.

19. Gurbin makusanci ba rabon gado ba ne. Fom yana tambayar wanda za a nema in wani abu ya faru, sai mutane su ɗauka wanda aka rubuta shi zai ci kuɗin, har a yi gaba a kai. Wanda za a kira ne kawai, gado yana nan yadda shari'a ta raba shi. Ku bar tsohon ya zaɓa da bakinsa, zai fi kyau wanda ke zaune a gari kuma wayarsa ke shiga.

20. Ba duk abin da aka miƙo ake karɓa ba. Manhajar waya da bankin intanet ku ce ba ku so; katin ATM ɗaya ya isa, ku kuma roƙi a rage iyakar cirar yini zuwa abin da gidan ke kashewa. Lambar sirri kada ta zama 1234 ko shekarar haihuwa, kada a rubuta ta a bayan kati ko a bangon ɗaki, katin kuma ya zauna a adakar Inna, ba a aljihun kowa ba. Tura kuɗi ta danna lambobi a ƙaramar waya shi ya fi saurin zurarewa, don yaron da ya ce "Kaka, ara mini zan yi fulashin," in ya san lambar ya gama, ga cacar waya ta shiga gari. In ba ta iya da kanta ba, a rufe wannan hanyar. A ƙa'idar banki lambar sirri ta mai asusu ce shi kaɗai, shi ya sa shawara ta gaba take da muhimmanci.

21. Wakilci ya zama a rubuce. In fita ta gagara, tsohon ya naɗa wakili tun yana cikin hankalinsa: banki yana da fom na ƙara mai sa hannu, lauya kuma yana rubuta takardar wakilci a buga mata hatimi. A faɗi abin da wakilin zai iya da wanda ba zai iya ba, a yi a gaban shaidu, daga ɗakuna daban-daban in gidan na mata da yawa ne. Asusun haɗin gwiwa da ɗa guda ni ban cika so ba, don ranar da aka rasa uban sai an sha wuya kafin a rarrabe nasa da na ɗan.

22. In gigin tsufa ya shigo, sai kotu. Wanda ya daina gane 'ya'yansa, ko yake cigiyar mutanen da suka daɗe da rasuwa, yardarsa ba ta ɗaure komai, kuma kama hannunsa a dangwala bai halatta ba ko da kuɗin magani ake nema. A nan sai takardar likita, sai taron 'ya'ya, sai a je gaban alƙali ya naɗa wanda zai kula da dukiyar, a kai wa banki umarnin kotu. Hanyar tana da tsawo.

23. Ku riƙe mai POS ɗaya. Ɗan unguwa mai shago, wanda kowa ya san gidansu, ba mai lema da zai tashi gobe ba. Ku duba adadin da ya danna kafin a sa lamba, a kare da tafin hannu, a karɓi rasit, a ƙirga kuɗin a gabansa. In ya ce "bai fita ba, a sake," ku jira alat tukuna. Cira ɗaya mai ɗan kauri a mako ta fi ƙananan cira kullum arha, tunda kowace da cajinta. A na'urar ATM ta bankinsa cira kyauta ce, ta wani banki kuwa aƙalla Naira 100 ce kan kowace 20,000 tun Maris ɗin 2025.

24. Ku buɗe littafin shiga da fita. Littafin makaranta mai shafi 40 ya isa: kwanan wata, abin da ya shigo da wanda ya turo, abin da ya fita da abin da aka saya, rasit a maƙale. Duk Juma'a bayan an sauko a karanta wa tsohon alat da ƙarfi, ya ji ragowar kuɗinsa da kunnensa. Za ku ga fuskarsa ta sake, har ya ce a cire dubu biyu a kai wa jikar da ta haihu. Littafin nan mai jinya yake karewa kafin kowa, don surukar da ke wanki da zubar da fo ita aka fi saurin zargi, alhali ita ta fi kowa shan wahala. A ɗauki hoton shafin a tura wa na nesa ta WhatsApp duk wata, ba sai sun tambaya ba.

25. Ku koya masa amsa ɗaya: "Sai yarona ya zo." Masu kira suna cewa daga banki suke, ko daga ofishin tallafi, wai za a rufe BVN in ba a karanto lambar da ta shigo yanzu ba, kuma da Hausa tsantsa suke yi, da sallama da "Baba, ina wuni." Banki ba ya neman lambar sirri ko lambobin jikin kati ta waya. In wayar ta ɓace ko an zare ta a kasuwa, a ranar za a toshe asusu da layi. Bankuna suna da lambar da ake dannawa daga kowace waya a toshe, ku tambaye ta tun ranar buɗewa ku rubuta a bangon littafin.

26. Ku kai lambar inda ake biya. Ɗan fanshon jiha ko na ƙaramar hukuma a kai takardar bankinsa hukumar fansho a Dutse, a kuma riƙa sauraron sanarwar tantancewa a rediyo. Mai karɓar alawus ɗin naƙasassu, wanda Jigawa ta fara biya a 2007 zamanin Sule Lamido, a tuntuɓi sashen walwala na ƙaramar hukuma. Tallafin tarayya irin na Naira 25,000 da aka ƙaddamar a Oktoban 2023 kuwa rajistar gidaje marasa ƙarfi yake bi, ba a sayen gurbinsa a hannun kowa. Kafin ku raba lambar ga 'ya'ya, ku tura Naira 500 ku ga sunan da ya fito da alat ɗin da ya shigo.

27. Kada asusun ya yi barci. Wanda ya shekara mai shi bai taɓa shi ba banki yana dakatar da shi, farkar da shi kuma yawanci sai mai shi ya bayyana da katin shaida, abin da kuke gudu ke nan. Ko ba buƙata, a cire wani abu kaɗan duk bayan wata biyu ko uku. Kuɗin ba sa ɓacewa, ko sun shekara 10 an mayar da su Babban Banki ana iya nemowa, amma wa ke son wannan tafiyar?

28. Ƙorafi a takarda ake yi. An cire bai fito ba, ko an ga cirar da ba a sani ba, a je banki a rubuta, a karɓi lambar ƙorafin, a riƙe kwafi. In mako biyu ya wuce shiru, sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Banki yana karɓar ƙara, kuma Babban Bankin yana da reshe a Dutse. Faɗa da yaron kanta ba ya dawo da ko kwabo.

29. Ranar da ta Allah ta kasance, a ajiye katin. Daga wannan lokacin wakilci ya faɗi, kuɗin sun zama na magada, har da marayu da matan da ke takaba, kuma cirar dare ɗaya "kafin banki ya sani" ita ke haddasa shari'ar shekaru. A sanar da banki da takardar shaidar rasuwa, a sanar da hukumar fansho don kada a ci gaba da biya a zo ana neman a mayar, a nemi bayanin ragowar kuɗin ta hannun kotun da za ta raba gado. Abin da aka kashe na likkafani da bashin asibiti a rubuta shi a littafin da rasit, a miƙa wa alƙali tare da sauran takardu.